Tagar da Ba a Gyara Ba

Assalamu alaikum.

Shugaban hukumar ɗakunan karatu, Malam limaminmu, shugabar wannan ɗakin karatu, mai gidan marigayiya da 'ya'yanta, iyayenmu na zaman Laraba, abokan aiki, ina gaishe ku, ina yi mana ta'aziyya baki ɗaya. Ku gafarce ni idan muryata ta yi rawa. Bara na gama makaranta, kuma ban kai shekara guda ina aiki a ƙarƙashin Anti ba. Saboda haka abin da na gani da idona zan ce na gani, abin da aka faɗa mini zan ce an faɗa mini.

Mu ma'aikata Anti muke ce mata. Iyayenmu kuwa 'Yar Laburare suke kiranta, duk da tana da jikoki.

Ta kasance mai kula da shirye-shiryen manya a wannan gida. Ita ta kawo littattafai masu manyan baƙaƙe. Ita ta sa aka yi wa matakalar ƙofa abin dafawa. Ita ta kafa zaman Laraba da safe a ɗakin baya, inda ake karatu a bayyane, a koyi latsa waya, a sha shayi, a yi gardama. Wannan duk kun sani. Abin da nake so mu tuna shi ne yadda take cika ɗakin.

Da na fara aiki, na tambaye ta me ya sa ba ma liƙa sanarwa cewa akwai shiri domin tsofaffi. Ta yi dariya ta ce, "'Yata, kin taɓa ganin wanda ya karanta 'tsofaffi' a bango ya ce da ni ake?"

Ta kasance ba ta gayyatar kowa don a taimake shi. Zuwa take har gida, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, na shiga matsala, sai kai." Kowa a zaman nan da aikin da aka roƙe shi. Iya Ungozoma, wadda ta yi ritaya daga asibiti, ita ke da butar shayi, don an ce mata mu yara ba mu iya ba. Tsohon hedimasta shi ke tsayar da mai karatu idan ya cinye wasali. Baba Direba kuma, wanda ya yi rayuwarsa yana jan bas, nasa aikin taga ne.

An faɗa mini cewa bayan rasuwar matarsa, Baba Direba ya daina fita, ya daina magana sai da ka. Anti ta je ta ce masa akwai wata taga a ɗakin baya da ta gagari kowa, zafi zai kashe mata mutane. Ya zo ya dube ta, ya ɗaga sakatar da gwiwar hannu, ya daki gefen katakon, ta buɗe. Tun daga ranar, shi ne na farko a bakin ƙofa.

Wannan kuwa na ji da kunnena. Yana kokawa da tagar, Iya Ungozoma ta ce, "Oh, duniya! Daga tuƙin bas an koma tuƙin taga."

Ya ce, "Ke dai ji da butarki, ga ta can tana naƙuda."

Anti tana jera kujeru tana murmushi. Ta san wanda kunnensa na dama ne mai ji, ta san wadda ba ta son fanka a kanta.

Ta kasance mai ɓoye hannunta a cikin alheri. Ranar da kafinta ya zo gyaran tagogi, ina tsaye ta ce masa, "Gyara duka, amma waccan ta ƙarshe ka bar mini ita." Ya ce ai ita ce ta fi lalacewa. Ta ce, "Na sani. Tana da mai ita."

Baba, mai gidanta, mun san sau da yawa abincinka ya huce tana gidan wani tana duba me ya hana shi zuwa. Mun gode da ka ara mana ita. Ku 'ya'yanta, kun yi rabon uwa da mutanen da a shekaru sun haife ta, ba ku taɓa ɓata rai ba. Ku sani ba ku kaɗai kuka yi maraici ba.

Yanzu zan faɗi abin da ya fi yi mini nauyi. Tun da Anti ta rasu, ɗakin baya babu kowa. Ni aka miƙa wa zaman. Na jera kujeru, na tura saƙo a waya, na liƙa takarda a ƙofa. Laraba ta zo ta wuce, wata ma ta zo. Ƙa'idar gida ce, ba laifin kowa ba, ɗakin da ba a amfani da shi akan mayar da shi ma'ajiya.

Shekaranjiya na je gidan Baba Direba, kuma ya ba ni izinin maimaita maganarmu. Na fara kame-kame, ina son in ce masa tagar ta sake ƙin buɗuwa.

Ya ce, "Yarinya, zauna. Kina tsammanin ban san ta hana kafinta gyara tagar nan ba? Ni da na yi shekaru ina gane ciwon mota daga kukanta? Dukkanmu mun sani. Iya ta san kun iya dafa shayi."

Na ce, "To Baba, me ya sa kuke zuwa?"

Ya ce, "Wanda ya tako har gidanka ya ce yana buƙatarka, ko da ƙarya ce, ai ya mutunta ka. Ke kuwa takarda kika liƙa."

Iyayena, yau ban zo da takarda ba. Kuma ni tawa ba dabara ba ce irin ta Anti, gaskiya ce tsirararta. Ban san wanda ke ji da kunnen dama ba. Ban san littafin da kuka tsaya a tsakiyarsa ba. Tagar nan na gwada ta har na ƙuje gwiwar hannu, ga tabon. Iya, Malam Hedimasta, Baba Direba, da sauranku: na shiga matsala, sai ku.

Mun gode wa duk wanda ya taso ya zo. Allah ya jiƙan Anti, ya gafarta mata, ya ba iyalinta haƙurin rashi. Yadda ta buɗe wa bayinsa ƙofa ba tare da sun sunkuyar da kai ba, Allah ya buɗe mata taga zuwa Aljanna a makwancinta. Mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.

Baba Direba, jibi Laraba ce. Zan buɗe ƙofa. Tagar kuwa tana jiran mai ita.

Amin. Wassalamu alaikum.