Shinkafar Meksiko

A tashar Madawa, wata dattijuwa ta dubi kwalin da Salima, amaryar da ke zaune gefenta, ta rungume.

"Ɗiyata, mi ne ciki?"

"Tukunyar kuran ce, Inna, mai aiki da lantarki. Keita zan kai wa uwar mijina, in ba ta haƙuri."

"Da tukunya?"

"Ranar da ta zo gidana, shinkafar Meksiko na gani a talho, wayata ta hannu, na ce bari in burge ta. Na zuba tumatir da tattasai a tukunyar nan, na rufe. Tukunya na fara huci, na ɗauka fashewa za ta yi, na sheƙa waje ko kallabi babu."

"Tsohuwar fa?"

"Ciki na baro ta, Inna! Ita ta buɗe, ta ɗanɗana, ta leƙo titi ta ce, 'Dawo, dafa-duka ce.'"