Takardar Hutun da Aka Saya wa Orest

Shugaban wannan taro kuma shugaban kulob ɗinmu, Garnet Sawchuk, sai mai girma magajin gari, wanda yau ya iso kafin a zuba abinci, abin da ba mu saba gani ba, Fada Myron na cocinmu, ma'aikatan jinya na ƙaramin asibitinmu, direbobin sa-kai masu tuƙa motar marasa lafiya, matan coci da suka yi kwana biyu suna naɗe firogi, ƙullun nan mai dankali a ciki da ke cikin farantanku, 'yan wasa tsofaffi da sababbi, iyayena da ƙannena, maza da mata, ina yi muku barka da wannan rana ta Lahadi, ranar ƙarshe ta watan Fabrairu.

Ga baƙin da ba su san ni ba, sunana Lorna Bodnar. Shekara ashirin da biyu ke nan ina tsaye a bayan kantar giya ta wannan kulob namu na wasan tura dutse a kan ƙanƙara. Ban san wanda ya ga dacewar a ba mai sayar da giya jawabin rufe watan barin giya ba, amma ina zargin Garnet, kuma shi ma ya san ina zarginsa.

Zan fara da godiya, domin an cancance ta. Mutum sittin da ɗaya ne suka sa hannu a takardar da muka liƙa a bakin ƙofa, suka yi alkawarin ba za su sha giya ba har watan ya ƙare. 'Yan'uwansu da maƙwabtansu suka ɗauki nauyinsu, wani dala ɗaya a rana, wani biyar, wani kuma ya ce zai biya ne kawai don ya ga abin da idonsa. Abin da aka tara ya kai dala dubu goma sha ɗaya da ɗari huɗu. Motar da ke kai masu ciwon daji asibiti a birnin Saskatoon, tafiyar awa biyu da rabi zuwa, awa biyu da rabi dawowa, za ta sami sababbin tayoyi, za a kuma gyara mata na'urar ɗumama ciki, wadda tun bara take hura wa direba zafi tana barin na baya cikin bargo. Na gode wa waɗanda suka daina sha, na gode wa waɗanda suka biya, na kuma gode wa waɗanda suka zauna gida ɗaya da waɗanda suka daina sha, domin su ne suka fi kowa shan wahala.

Magana uku gare ni. Biyu gajeru ne, ta ukun kuma sai kun yi haƙuri da ni.

Ta farko ita ce yadda watan ya kasance. Na dafa kofi a cikin makon farko fiye da wanda na dafa a duk shekarar da ta wuce. Mutane sun gano cewa ana iya gama wasa a koma gida rana ba ta faɗi ba. Delbert Unruh, wanda ya yi shekara talatin yana ɗora wa giya laifin yadda dutsensa ke kauce wa hanya a kan ƙanƙara, ya gano cewa giyar ba ta da hannu a ciki. Ba wanda ya mutu, ba wanda ya zama waliyyi, kuma wasanmu bai ƙaru da komai ba.

Ta biyu ita ce al'adarmu, kuma zan faɗe ta ne saboda baƙi. A nan, idan aka gama wasa, ba a watsewa. Mutum takwas ɗin da suka kara da juna, huɗu-huɗu a kowane ɓangare, sukan zauna a tebur ɗaya, waɗanda suka yi nasara su saya wa waɗanda aka cinye abin sha, sannan waɗanda aka cinye su rama. Ba a ƙi. Kakanninmu ba su ƙi ba, iyayenmu ba su ƙi ba, kuma wanda ya ƙi, za a yi mako ana tambayar ko an yi masa wani laifi ne. A kan wannan al'ada ne, shekara uku da suka wuce, na ɗora wata dabara tawa, wato takardar hutu. Ka biya dala ashirin da biyar, ka saya wa abokinka izinin sha na rana ɗaya a tsakiyar watan, kuɗin ya tafi asusun mota. Sai na ƙara wani sharaɗi don a yi dariya: in wanda aka saya wa bai sha ba, a mayar wa mai saye kuɗinsa. Kwamiti ya tafa mini a ranar. Ni ma na ji daɗin kaina.

Magana ta uku ta shafi Orest Hrycan, kuma da izininsa nake yin ta, shi ne ma ya nemi in yi. Yana cikin ɗakin nan. Kada ku juya. Garnet, har da kai nake.

Kun san Orest. Ya yi shekara talatin da takwas yana aiki a rumbun hatsi na bakin titin jirgin ƙasa kafin ya yi ritaya, kuma babu wanda ya taɓa ganinsa yana tangaɗi, babu wanda ya taɓa jin ya ɗaga murya. Ni na san abin da yake sha a nan, domin ni nake zubawa. Ban san abin da yake sha a gida ba, ban san na cikin garejinsa ba, ban kuma tambaya ba, domin a garin nan mun ɗauki rashin tambaya a matsayin ladabi. Matarsa Verna ce ta san duka. A watan Janairu ta zaunar da shi ta gaya masa cewa shekara arba'in sun ishe ta, ko ya daina, ko ta koma wurin ƙanwarta a Saskatoon. Ba faɗa ta yi ba. Waɗanda suka san Verna sun san ba ta maimaita magana.

Orest bai gaya wa kowa ba. Abin da ya yi shi ne ya zo ya sa hannu a takardar bakin ƙofa, na goma sha huɗu a jeri. Dalilinsa mai sauƙi ne: a duk shekara, wannan ne kaɗai watan da namiji zai zauna a teburinmu da kofin kofi a hannu ba wanda zai tambaye shi me ya faru. Mu muna tara kuɗin tayoyi, shi yana neman ya tsira da aurensa, a tebur ɗaya, kuma ba mu sani ba. A makon farko hannunsa na rawa har kofi na zuba, muka yi ta tsokanarsa cewa tsufa ya zo, ya sayi safar hannu mai kauri. Ya yi dariya tare da mu. Ya yi kwana goma sha tara.

Ranar Asabar, ashirin ga wata, aka yi wasan rana, mutanen Delbert suka cinye mutanen Orest. Aka zauna a tebur wajen ƙarfe huɗu. Delbert ya taso ya zo kanta da kuɗi a hannu, yana murna, domin bai cika yin nasara ba. Ya ce, “Lorna, ba ni takarda ɗaya, ta tsohon can ce. Ya sha kashi yau, ya kamata a jiƙa masa maƙogwaro.”

Orest ya ce daga inda yake zaune, “Bar shi, Del. Kofin nan ya ishe ni.”

Delbert ya ce, “Haba, mutumina! Rana ɗaya tak? Kai da ko a jana'iza ba ka barin kwalba ta yi kaɗaici?”

Aka yi dariya. Orest ya ce, “Da gaske nake. Saya wa wani.”

Delbert ya ce, “To, ku ji fa, jama'a. Marasa lafiya za su yi asarar dala ashirin da biyar saboda taurin kan Hrycan. Lorna, gaya masa doka.”

Na gaya masa doka. Da bakina na faɗe ta, ina murmushi. Mutum bakwai suka fara buga tebur suna kiran sunansa. Ya ɗago ya dube ni, kuma na ga kallon, ba zan tsaya a nan in ce ban gani ba. Na ɗauka kunya ce irin ta mutumin da aka sa a gaba. Na zuba wiski, na kai masa da hannuna. Ya daɗe yana juya kofin a kan tebur, sannan ya ce, “To, saboda mota.”

Takardar ta rana ɗaya ce. Shi ya yi kwana uku. Ranar Talata da safe ƙanwar Verna ta zo da mota, suka sa akwati biyu a baya, suka tafi.

Ranar Laraba da hantsi ina wanke kofuna sai ga Orest ya shigo, ya zauna a kujerar da ya saba, ya ba ni labarin nan daga farko har ƙarshe. Na ce masa ya yafe mini. Ya ce, “Ni na ɗaga kofin, Lorna, ba ke ba.” Na ce ni na cika shi. Ya ce, “To, mu raba.” Sannan ya ce, “Ki gaya musu ranar Lahadi. Ni in na miƙe a gaban mutane, bakina ba zai buɗu ba. Kuma na gaji da neman wata na musamman kafin in ce a'a.” Yau kwanansa shida bai sha ba. Yana zuwa wani taro na masu irin matsalarsa a garin da ke gaba da mu, sau biyu a mako, kuma shi yake tuƙa kansa.

Ba na so kowa ya fita daga nan yana kallon Delbert. Jiya na same shi na gaya masa, don kada ya fara ji a bainar jama'a, kuma ya zauna cikin motarsa rabin awa bai tayar da ita ba. Delbert bai yi abin da kowannenmu ba zai yi ba. Alheri ya yi niyya, irin alherin da aka koya mana, wanda ba ya jin “a'a” sai an faɗa sau uku, in an faɗa sau ukun kuma ya ji haushi. Mutum bakwai suka buga tebur, ni ta takwas na zuba. Abin ya dame ni, kuma zai daɗe yana damuna.

Saboda haka ina da roƙo biyu. Na farko ga kwamiti: a soke takardar hutu. Na san za a ce tana kawo kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da muke tarawa, kuma gaskiya ne. A nemo shi a wani wuri. A sayar da firogi, a yi gwanjon tsofaffin tsintsiyoyin da muke share wa dutse hanya da su a wasa, a sa magajin gari ya shiga tafki mai ƙanƙara a watan Janairu, mutane za su biya su kalla. Ni dai ba zan ƙara sayar da ita ba, kuma littafin takardun yana cikin murhun gidana tun ranar Laraba.

Na biyu gare ku duka. Ban ce a bar teburin ba. Wanda ya ci wasa ya saya, wanda aka cinye ya rama, yadda muka gada. Amma ku tambayi mutum abin da zai sha, ku kawo masa abin da ya faɗa. In ya ce kofi, kofi ne. In ya ce ruwa, ruwa ne. Kada ku tambaye shi dalili, kada ku ce rana ɗaya ce, kada ku kira shi da wani suna. Mutum sittin da ɗaya ne a takardar can, kuma ban yi imani Orest kaɗai ne ya sa hannu don wani abu da ya wuce tayoyi ba.

Da safen nan na buga wa Verna waya, da sanin Orest. Na gaya mata abin da ya faru a teburin, da rawar da na taka, na tambaye ta ko za ta zo wannan taro. Ta saurare ni har na gama. Ta ce, “Lorna, kowa ma na iya yin Fabrairu. Ga shi gajere, ga duk gari na taya ka. Ki ce masa zan zo ɗaya ga Afrilu in duba. In ya yi Maris, lokacin da ku duka kuka koma sha, zan shigo da akwatina. In bai yi ba, zan kwashi sauran kayana.”

Gobe da ƙarfe huɗu zan buɗe kanta kamar kullum, kuma da yawanku za ku zo da ƙishin wata guda. Orest ma zai zo, domin yana da wasa, kuma ya ce ba zai bar wasan da yake yi tun yana saurayi ba. Zai zauna a tebur ɗaya da ku, kwana talatin da ɗaya, ba takarda a bakin ƙofa da zai fake da ita. Abin da zai yi da hannunsa nasa ne. Abin da za a ajiye a gabansa namu ne.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kiyaye direbobinmu a kan hanya, zuwa da dawowa. Allah ya saka wa duk wanda ya ba da abin hannunsa da duk wanda ya hana kansa. Allah ya ba mu kunnen jin magana tun a faɗa ta farko. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya sa ya tarar da wanda ya bari a ciki. Allah ya kai mu ɗaya ga Afrilu.

Na gode.