Bana Yaya Ne Mai Ɗaukar Kujeru

A tashar mota na ji wannan, tsakanin wata dattijuwa da wani mutum mai ƙurar siminti har a gira.

"Ɗana, daga aiki kake?"

"A'a Inna, bango na rushe, na haɗe ɗakina da falo. Dangi nake jira, a gidana za a yi hutun bana."

"Saboda baƙin 'yan kwanaki? Kai da matarka fa?"

"A kicin za mu kwana. Shekara goma a gidan Yaya ake taruwa, ni ne mai jigilar kujeru. Da na ce a zo nawa, cewa ya yi akurkina ba zai ci mutum ashirin ba."

"In ba su zo ba fa? Ka yi biyu babu, ba bango, ba baƙi."

"Tsohuwarmu ta ce in da wurin miƙe ƙafa za ta zo. Inda ta sa gaba kuwa, nan kowa ke bi."

Sai ga mota ta tsaya. Tsohuwa ta fara saukowa, sai yara, sai wani mai tumbi yana fama da kujerun roba shida.

"Wancan fa?"

"Yaya ne. Bari ya ɗan taka da su, Inna, kafin in gan shi."