Allurar Kumburi a Tashar Yendi

"Ba zan yi masa ba, Baba."

A tashar motar Yendi ne. Wani dattijo ya ga budurwa da kayan nas, ya miƙa mata allurar sa fitsari da ya saya, ya ce ta yi wa yayansa mai kumburin ƙafa da ke zaune gefensa.

"Haba 'yata! A unguwarmu ta Zongo duk mai kumburi ita ake yi masa. Kafin mu kai Bawku ƙafar ta sace."

"Ba kai ka ce tun jiya yake gudawa ba? Dubi leɓensa a bushe. Allurar nan ruwa take kwashewa daga jiki, har da gishirin da zuciya ke aiki da shi. In jininsa ya faɗi a hanya, wa za ka kira? Kai shi asibiti a auna shi."

"Ke kin fi likita ne?"

"Haka mai wani asibitin kuɗi ya tambaye ni, ran da na ƙi yi wa wata tsohuwa ita."

"To, ya kuka ƙare?"

"Tsohuwar tana nan da ranta. Ni kuwa an kore ni. Ga akwatina, Salaga zan koma gidanmu."