Hular Da Ta Ƙi Zama A Kan Malam Shiru

Da sunan Allah nake farawa, kuma da sallama nake gaishe ku: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan taro, shugabar ƙungiyar masu ɗinkin hula da adon kai, iyayenmu a wannan sana'a waɗanda allura ta huda musu yatsu tun kafin a haifi wasunmu, malaman makarantar zane da ɗinki, 'yan kasuwar da suka ɗauki nauyin wannan gasa, 'yan jarida, iyaye da 'yan'uwan masu gasa, sai kuma su kansu masu gasar da ke layin gaba, waɗanda tun da na miƙe ba wanda ya ƙifta ido a cikinsu: barkanku da zuwa, barkanku da haƙurin zama.

Ina godiya ga waɗanda suka ba mu wannan ɗakin taro, da waɗanda suka jera tebura suka goge madubai. Ina godiya ga abokan aikina biyu a alƙalanci, wato Baba Mai Malafa, wanda duk mai riƙe allura a ɗakin nan ya san shagonsa, da kuma Malamar Zane daga makarantar ɗinki. An naɗa ni shugabarsu ba don na fi su sani ba, sai don na fi su surutu, kuma dole wani ya tsaya a nan ya yi bayani.

Maganata kashi uku ce. Na san da yawanku na ukun kuka zo ji, domin labarin hular da aka tsayar a bakin ƙofa ya riga ya zaga gari. Zan zo kansa, amma sai kun bi ni ta na farko da na biyu.

Na farko shi ne dalilin gasar. Sabon mai ɗinkin hula yana farawa ne a lungun ɗakin kwanansa. Da bakin buta yake turara yadi, a kan kifaffen kwano yake fitar da siffa, a ƙarƙashin katifa yake danne baki ya miƙe. Idan ya gama ya kai shago, sai mai shago ya ce ba ya karɓar kayan wanda bai sani ba, alhali ba a sanin mutum sai kayansa sun shiga shago. A nan ne hannuwa masu kyau suke gajiya su koma wata sana'a, mu kuma mu zauna muna cewa yaran yanzu ba sa son koyo. Saboda haka ƙungiya ta ce ba kofi za ta bayar ba, gurbi za ta bayar: benci ɗaya a ɗakin aikinta, da keken ɗinki, da tukunyar tururi, da gwani a gefe yana duba hannun mutum har shekara guda. Gurbin ɗaya ne tak, kuma wanda ya same shi ya shiga sana'a ta ƙofar gaba.

Na biyu shi ne abin da muka gani. Mun ga ƙwazo, mun ga ido mai sanin launi, mun ga adon kai na mata da ko ni da na tsufa na yi sha'awar ɗaurawa. Mun kuma ga hular da sai mai ita ya durƙusa kafin ya shige ƙofa. Mun ga gashin tsuntsu har muka fara tausaya wa tsuntsaye. Mun ga inda aka shafa gam a wurin da ya kamata a sa zare, ana tsammanin alƙalai ba sa juya hula su duba cikinta. 'Ya'yana, cikin muke fara dubawa.

Amma babban abin da muka lura da shi ya shafi wani dattijo da duk kuka sani. Ga baƙinmu da ba 'yan sana'a ba, kowane mai gasa an ba shi kan mutum guda da aka sassaƙa da katako, duk girmansu ɗaya, kuma dokar gasa ta ce a kansa za a kawo aiki, a kansa aikin zai zauna daidai. Mu a sana'a Malam Shiru muke ce wa wannan kai. Dokar tana da dalili, domin idan kai ɗaya ne, awo ɗaya ne, ba wanda zai ce an fifita wani a kansa. Sai dai Malam Shiru ba shi da kunne, ba shi da gashi, ba ya gumi, ba ya waiwaye, ba ya sunkuyawa ya ɗaura takalmi, kuma bai taɓa cewa hula ta matse shi ba. Da yawanku shi kuka ɗinka wa, shi kuka faranta wa, kuma da muka ɗora ayyukanku a kan mutane masu rai sai suka fara zamewa.

Na uku, ga maganar da kuka zo ji.

A cikin masu gasa akwai wata da ke ɗinkin labule a shagon wani, har abokan aikinta suna kiranta 'Yar Labule. Daga safe zuwa yamma miƙaƙƙen layi take bi da keke, kuma ta faɗa mana da bakinta cewa wannan gurbi shi ne kaɗai hanyar da ta hango ta barin labule ta kama hula. Ranar karɓar aiki ta kawo hular maza, baƙa, ba ado ko ɗaya. Sakataren gasa ya ɗora ta a kan Malam Shiru, sai ta nutse ta dama ta ɗage ta hagu, kamar murfin da ba na tukunyar ba. Ya gyara, ta sake karkacewa.

Ya ce mata, "Baiwar Allah, ko wadda ba ki gama ba kika ɗauko?"

Ta ce, "Na gama ta, yallaɓai. Ba shi na ɗinka wa ba."

Ya ce, "To wa kika ɗinka wa?"

Ta ce, "Babana."

Mahaifinta tsohon direban motar haya ne. An yi masa aiki a kai, Allah ya ba shi lafiya, amma gefen hagu ya lotsa, kuma akwai tabo daga saman kunne zuwa tsakar kai wanda ba ya son a taɓa shi. Hular kasuwa ko ta danne tabon ko ta zame ta tona ramin. Mutumin da ya yi rayuwarsa a cikin jama'a sai ya daina fita. Abokansa su zo gaisuwa, ya ce a ce musu yana barci.

Ita kuwa an ba ta kan katako kamar kowa, ta san doka kamar kowa, kuma ɗan lokacin da aikin labule ya bar mata bai wuce na ɗinka hula ɗaya ba. Sai ta jiƙa ƙyalle da sitaci, ta shimfiɗa a kan mahaifinta har ya bushe ya ɗauki siffar kansa, ta yanka yadinta a kan wannan. Ta cike gefen ramin da auduga daga ciki, ta kawar da ɗinki daga kan tabon, ta bar masa 'yar hanya yadda yadi ba zai goge shi ba. Sakatare bai karɓa ba, bai kuma mayar ba, ya turo mana maganar, kuma daidai ya yi.

Muka ce a zo mana da mai kan. Ya shigo ɗakin alƙalai da ƙaramin tawul a kansa, 'yarsa na biye. Ya juya ya fuskanci bango, ya cire tawul, ya sa hula, sannan ya juyo. Jama'a, hular da ta karkace a kan katako, a kansa tsaye take cak. Ba rami, ba tabo, ba abin da ido zai tsaya a kai, dattijo ne kawai da hularsa.

Baba Mai Malafa ba ya yarda da ido. Ya ce masa, "Malam direba, sunkuya ka taɓa takalminka." Ya sunkuya. Ya ce, "Waiwaya kamar za ka yi ribas." Ya waiwaya dama, ya waiwaya hagu, har da ɗora hannu a bayan kujera. Hula ba ta motsa ba. Muka karɓa muna jujjuya ta, shi kuma ya mayar da tawul ɗinsa ya zauna yana jira. Can sai ya ce, "Ranku ya daɗe, za ku daɗe da ita ne? Don ina so in leƙa tasha in gaisa da mutanena."

'Yarsa ta juya ta dube shi. Daga baya ta gaya mana cewa tun da ya baro asibiti ba ta ji ya ambaci fita ba sai a wannan lokaci.

Da suka tafi muka zauna mu uku, kuma ba mu rabu da wuri ba. Malamar Zane ta ce an shirya gasa ne don a nemo mai basira, ga basira ta shigo da ƙafarta, ba za a kore ta saboda guntun katako ba. Baba Mai Malafa ya ce sauran ma suna da iyaye, suna da kawunan da za su so su ɗinka wa, amma suka bi doka, kuma idan alƙalai suka canja doka bayan sun ga aiki, baɗi ba wanda zai yarda da hukuncinsu. Ga kuma wani matashi da ake kira Dogo, mai ɗinkin jaka, wanda ya kawo malafar da ake naɗewa a sa a aljihu, a fito da ita ta buɗe ba ƙanƙancewa ba karaya. Ta zauna a kan Malam Shiru, ta zauna a kan duk wanda muka gwada wa, cikinta tsaf kamar wajenta. Dogo bai yi laifin komai ba, kuma shi ma gurbin yake nema da gaske.

Ƙuri'ata ce ta raba gardama, kuma na bi bayan Baba. Ban ji daɗin yin haka ba, har yanzu ban ji ba, amma ban canja ra'ayi ba. Saboda haka ina sanar da wannan taro cewa hular 'Yar Labule ba ta cikin gasa, kuma gurbin bana na Dogo ne. Ya ci da hannunsa, kada kowa ya rage masa komai, ku tafa masa yadda ya kamata.

Ina kuma sanar da ku cewa ƙungiya ta amince, daga baɗi kowane mai gasa zai zo da mutumin da ya ɗinka wa, mutumin ya sa, ya yi tafiya, ya zauna, ya sunkuya a gaban alƙalai. Malam Shiru zai koma ɗakin aiki, inda amfaninsa yake. Ku masu tasowa, ku auna kai kafin ku yanka yadi, ku tambayi mai kan inda ke masa ciwo, ku tambaye shi inda za shi da hular. Ku kuma iyayen sana'a da masu shaguna, ku riƙa juya aikin sabon hannu ku duba cikinsa kafin ku tambayi ɗan wane ne.

Idan kun zaga teburin baje koli, za ku ga kan katako ɗaya a ƙarshe ba komai a kansa. Wurin waccan hula ne. Mun so mu nuna muku ita, mun kuma gayyaci mai ita, ya aiko da godiya ya ce ba zai samu zuwa ba, yau yana da wuraren zuwa da yawa.

Saura saƙo ɗaya, kuma ba nawa ba ne. Ranar da muka yanke hukunci, Baba Mai Malafa ya daɗe riƙe da hular yana bin cikinta da ɗan yatsa, yana tsaki. Ya ce, "Dubi yadda take jan zare. Wannan ai ɗinkin labule ne. Kai ta sani, hannu ne bai sani ba." Waɗanda suka san Baba sun san ya daɗe da rufe ƙofar koyarwa, manya sun roƙe shi ya karɓi 'ya'yansu ya ce ya gaji. Yau da safe ya kira ni gefe ya ce shi ba ya magana a lasifika, in faɗa a madadinsa, kuma ita kanta 'Yar Labule yanzu za ta fara ji. Ga abin da ya ce: "Akwai benci a bakin tagar shagona, jiya na kwashe kwalayen da ke kai. Ta zo ranar Litinin. Ta taho da almakashinta, ni ba na ba da aron nawa."

'Yata, ina ganinki a can ƙarshen layi. Ba zan ɓoye miki ba, zai warware miki ɗinki har ki yi kuka, mu da muka biyo ta hannunsa mun sani. Gasa dai kin faɗi, kuma ni na kayar da ke. Ki je ki sallami mai labule.

Allah ya sa albarka a hannuwan da suka ɗinka, ya ƙara lafiya ga kawunan da za su sa. Allah ya buɗa wa Dogo, ya buɗa wa waɗanda ba su samu ba bana, ya ba iyayenmu na sana'a haƙurin koyarwa da tsawon rai. Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.