Butar da na kasa ɗauka a Ƙofar Guga

Kuɗin motar da suka kai mu Katsina na akuyar Inna ne, jar nan mai ƙaho ɗaya. Ke Ladidi kin san ta, ita ce mai cinye maki sabulu. Inna ta ɗaure mani su a bakin zane, ta ce, "Saude, ki kama kanki. Kar in ji an ce 'yata ba ta da kunya a birni." Na riƙe maganar nan gam. Tunda na ji ke da Uwani za ku bi mazajenku ci-rani bana, na ce bari in rubuta maku, don da baki ba zan iya ba.

Tsakiyar bazara muka sauka, ni da maigidan da yarinyar, tana wata huɗu. Kun san 'yar fari ce, ba na kama sunanta, ba na yi mata wasa gaban mutane. Shi ya samu aikin buga bulo a Batagarawa, in ya fita da asuba sai magariba. Wanda ya nema mana ɗaki ya ce ko muna son "selkon". Wai ɗaki mai bayi a cikinsa, dab da inda mutum ke cin tuwo! Na yi ta dariya a raina, na ce mutanen birni ba su da ƙyanƙyami. Ashe ni ce abin dariyar.

Ɗakin da muka samu a Ƙofar Guga rufin kwano ne, babu silin. Da azahar in kin jingina da bango sai kin zabura. Mai gidan, Alhaji Iro tela, ya yanyanka gidan ya yi ɗakunan haya, har bayin cikin gida ya cike ya mai da ɗaki. Bayi ɗaya ya rage, ƙofarsa a cikin zaure. Zauren kuwa shi kaɗai ke da sanyi, nan keken ɗinkinsa yake, nan abokansa ke yini.

Ranar farko na ɗauki buta na nufi can. Wani tsoho ya janye ƙafa ya ce, "A ba amarya hanya, ga ta nan da buta." Suka yi dariya. Ba da mugunta ba, yanzu na san haka. Amma ni na ji kamar an kwance mani zane. Na juya na koma ɗaki. A nan na yi wa kaina dabara: in ban sha ba, ba zan ji ba. In kurɓa kaɗan da asuba, shi ke nan sai maza sun watse.

Aiki na samu a cikin gidan, wajen Hajiya Kande mai ƙuli-ƙuli. Ni ke suyar gyaɗa. Wuta a gaba, rana a baya, yarinyar a goye. Hajiya ta kan miƙo mani fiya wata mai ƙanƙara, in ce na ƙoshi.

"Ke wace irin halitta ce? Raƙumi?"

"Ba na jin ƙishi, Hajiya."

"To Allah ya ba ni irinki goma. Wadda ta bari kafin ki zo, rabin yininta a bayi take."

Har na ji daɗi an yabe ni.

Sati uku ina haka. Kaina ya dinga sara, leɓena ya tsage, in na miƙe sai in ga duhu. Fitsarina ya koma kamar shayin da ba madara, ga zafi. Wannan duk na iya daurewa. Abin da ya tsorata ni, yarinyar ta kama nono ta ja, ta ja, ta saki da kuka. Hajiya ta ce zafi ne, ƙishi take ji, ta ɗebo ruwan randa a cokali ta ɗura mata. Kwana biyu sai gudawa. Na lura tsummanta ba fitsari tun safe. Na lura maɗigarta ta faɗa ciki, kukan ma ba hawaye. Duk na gani. Amma yaya zan buɗe baki in ce 'yata ba lafiya? 'Yar fari? Sai in ce, "Hajiya, kamar wannan tana da zafin jiki," in kau da kai kamar 'yar maƙwabta ce.

Ɗakin da ke kallon namu na Maman Rahila ne, mutuniyar Zonkwa, tana shara a wani asibiti. Ba mu taɓa wuce gaisuwa ba. Ranar nan ta dawo aiki da la'asar, ta tsaya kanmu, Hajiya na kwaɓa wani baƙin magani za ta shafa a maɗigar.

"Maman bebi, tun yaushe take haka?"

Na kau da kai. Ta matso kusa da ni.

"Ni fa ina kallonki. Mai ruwa ya cika maki randa ran Lahadi, yau Laraba ko wuya ba ta sauka ba. Kuma ban taɓa haɗuwa da ke a hanyar bayi ba. Kina sha kuwa?"

Na sunkuyar da kai. Ta dubi zaure, ta dube ni, ta ce, "Wayyo Allah. Saboda tsofaffin nan?"

Ta fizge yarinyar daga hannun Hajiya, ta ja ni. Muna ratsa zaure ta tsaya.

"Alhaji, ka ga aikin bayinka!"

"Madam, mene ne kuma? Bayi ya cika?"

"Yarinya ta daina shan ruwa don kar ta wuce ta gabanku. Ga 'yarta nan za ta mutu."

"To ni na hana ta? Shekara nawa mata na wucewa? Ta yi magana mana! Ke, na taɓa hana ki?"

Ban san daga ina muryar ta fito ba. Na ce, "Baba, ba ka hana ni ba. Ku ne ba ku tashi."

Keken ɗinkin ya tsaya. Tsohon nan mai cewa amarya ya sa hularsa ya fita.

A asibiti an nemi jijiya a hannunta an rasa, sai a kai aka sa mata ƙarin ruwa. Malamar asibitin ta riƙe biro ta ce, "Sunanta?" Na waiga ina neman wanda zai faɗa. Maman Rahila ba ta sani ba, kusan wata guda muna gida ɗaya ba ta taɓa jin na kira ba. Malamar ta ɗaga murya, "Baiwar Allah, ba 'yarki ba ce?"

Na ce, "Hauwa'u. Sunanta Hauwa'u."

Ni ma sai da suka ɗaura mani leda biyu. Malamar ta ce jaririn da bai kai wata shida ba, ba a ba shi ruwa ko da wane irin zafi ake, nono ya ishe shi. Uwar ce za ta sha, ta sha tun kafin ƙishi ya zo, ta duba fitsarinta, in ya yi duhu ta ƙara. Ta ce da mun kwana a gida, da wani zancen ake.

Kwana biyar muka yi. Da muka koma, an kafa zana daga ƙofar cikin gida har bakin bayi. Mazan zaure ba su ganin mai wucewa. Maigidana kuwa ya zauna bakin katifa ya ce, "Ni ina can ina shan jarka guda a rana, ke kina nan..." Bai ƙarasa ba.

Ruwan farko na sauka muka dawo gida. Abin da aka tara ya tafi a magani, akuyar Inna har yau ba mu mayar ba. Kuma ciwon nan da kuke gani ina dafe kwiɓi in bazara ta yi, daga can na zo da shi.

Don haka in an kai ku ɗaki, kafin ku duba katifa ko wuta, ku tambayi ina ƙofar bayi take kallo. Ku tambaya da bakinku. Na saya maku buta ɗaya ɗaya, manya, ja da shuɗiya, suna wajen Inna. Hauwa'u ce ta zaɓi kalar.