Tsagar da Na Rufe da Hannuna

Mai girma shugaban ƙungiyar 'yan haya, lauyoyinmu masu taimako, iyayena, 'yan'uwana maza da mata, assalamu alaikum. Na gode da kuka ba ni wannan dama.

Ni magini ne. Aji uku na yi a sakandare na kama cokalin gini, ban gaji ko bulo ɗaya ba, yau ma'aikata goma sha biyu ke ci a ƙarƙashina. Ban taɓa tsayawa gaban jama'a kaina a sunkuye ba sai yau.

Yayata tela ce, ita ta raine ni. Shekara tara tana haya a ɗaki guda, kekenta a jikin bangon taga. Bangon ya tsage, tsagar da yatsana ke shiga. Sau uku tana faɗa wa wakilin mai gida, da baki. Ya ce mata, "Hajiya, ai iska aka ƙara miki, ba a kuma ƙara miki kuɗi ba."

Da na ji, raina ya ɓaci. Na ce, "Yaya, kina da ƙane kamata kike roƙon wani?" Na kawo siminti, na cike tsagar, na yi filasta, na shafa fenti. Ta yi dariya ta ce, "Auta, ka mayar min da ɗaki na amarya." Na san ciwon a ƙasa yake, a tushen ginin. Na sani. Girman kai ya sa na rufe.

Ƙofa ta fara ƙin rufuwa, Yaya ta ci gaba da ƙorafi, sai aka ba ta notis ɗin tashi wai ta cika fitina. Muka je kotu. Aka turo mai duba gini, ya shafa bangon, ya ce, "Wannan lafiyayye ne. Wa ya yi aikin nan? Ya iya." Babu hoto, babu takarda. Shaidarta guda ce, ni na binne ta. Aka ba ta wata ɗaya ta tashi. Rana ta tara, da hantsi, tana kan keke, bangon ya faɗo. Ya danne mata ƙafar dama, jama'a, wadda take taka keken da ita.

Don haka ku ji ni. Na farko, duk ƙorafi ku rubuta shi, ku riƙe kwafi. Na biyu, kafin kowa ya taɓa tsaga ko yoyo, ku ɗauki hoto, ku kira shaida, ko da mai gyaran ɗan'uwanku ne. Na uku, notis ba hukunci ba ne. Wanda ya cire muku ƙofa ko kwano don ku tashi, ku kai shi gaban alƙali. Ku bar ɗakin da zai kashe ku, amma kada ku bar wa mai gida haƙƙinku.

Iyalai biyar suka rage a gidan nan, mai gida na korarsu wai su suka lalata masa gini. Ranar Alhamis za a zauna a kotu. An ce min in na yi magana, wa zai sake ba ni aiki? Zan je. Zan ce tsagar ta riga filastata, kuma ni na rufe ta.

Ga Yaya can a layin gaba, da sandunanta. Har yau ba ta ce min komai ba sai "Auta, ka ci abinci?"

Allah ya tsare mu a ɗakunan da muke kwana, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Na gode.